Na-sani da Ruwan Bene

Mijin ƙanwata mai sayar da yadi ne. Ya tsufa a bayan kanta, sandar awo a hannu, almakashi rataye a wuya, kuma a cikin sana'arsa babu mai ce masa ga kuskure. Abin da ya ɓata shi kawai, bai taɓa yarda cewa iliminsa ya tsaya a ƙofar shago ba. Kafin ka kai ƙarshen magana ya riga ya ce, "Na sani." Ko da mafarkin da ka yi jiya kake ba shi labari. Shi ya sa duk layin ake kiransa Na-sani, har ya gaji da jin haushi ya koma amsawa.

Gidansu bene ne: shago a ƙasa, ɗakuna a sama, famfo da tanki a tsakar gida ta baya. Ruwan famfon ba shi da ƙarfin hawa sama. Tun tana amarya ƙanwata ke hawa da shi a bokiti, domin shi maigidan yana da wani ciwon baya mai hankali, wanda ba ya tashi sai ya ga bokiti cike.

Wata safiya ta dire bokitin a tsakiyar matakala, ta zauna kusa da shi tana murza gwiwa, ta kira mijinta. Ta gaya masa cewa ɗansu, wanda gidansa ba bene ba ne kuma ruwa na zuba har cikin kicin, ya daɗe yana roƙonta ta koma wurinsa.

"Ƙarshen wata zai zo da mota," in ji ta. "In ya zo ya tarar da ni da bokiti, motar zan shiga."

"Ki bar ni da wa?"

"Da bokitin."

Bai yi dariya ba. Mutum ne da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba, amma ba cokali ne ya tsorata shi ba. Na san yadda gida ke komawa in mai gidan ta gaskiya ta fita daga cikinsa. Nawa ya daɗe da yin shiru. Na ga wannan tsoron a idonsa da na je da yamma, na kuma ga ya rufe shi da fankama, kamar yadda ya saba rufe komai.

A bencin mai aski, maƙwabcinsa na dama, ya shelanta shirin.

"Famfo a kicin," ya ce yana lissafawa da yatsu. "Famfo a banɗaki. Shawa. Da wani a baranda, na shayar da furanni."

"Kuna da furanni?" in ji mai aski.

"In suka ji labarin ruwa za su zo."

"Ka kira mai aikin famfo mana."

"Me zai yi mini? Awo ne fa duka. Mutumin da ya auna wa garin nan sutura tun kafin a haife ka, ruwa ne zai gagare shi? Ruwa ko alƙali ba ya buƙata, ka nuna masa hanya ya bi."

Washegari sai ga shi yana tafe gaban wani baro, yana ba mai turawa umarni. A cikin baron akwai injin tura ruwa da ya sayo daga wani wurin wankin motoci da ya rufe. Injin ya kai girman ɗan maraƙi. A kansa akwai ma'aunin matsi mai kama da agogo, da allura ɗaya, da lambobi daga sifiri zuwa goma sha shida, an rubuta "bar" a tsakiya. A gefe kuma akwai wani noti: ka ɗaure shi, injin ya ƙara ƙarfi kafin ya tsaya, ka sassauta, ya rage.

Mai shagon bututu ya riga ya gaya masa cewa gida irin nasu matsin ruwa na psi arba'in ya ishe shi. Mai aski, wanda ya bar wani da kumfa a fuska ya zo kallo, ya leƙa agogon.

"Shi mai bututu ya ce psi. Wannan kuma ya ce bar."

"Yadi da mita ke nan," in ji Na-sani. "Suna biyu, abu ɗaya. Wani ya ɗara wani da tafin hannu. Mai saye ya ce yadi, ka auna mita, ka naɗe tafin hannu, shi ke nan an rabu lafiya. Duk ma'aunan duniya haka suke, Turawa ne kawai ke son yawan suna."

"To ina arba'in ɗin? Agogon a sha shida ya ƙare."

"Sandar awona fa? Mita ɗaya ce, amma da ita nake auna bandir guda. Allurar za ta zagaya sau biyu da rabi."

Ya ɗauki sifana ya ɗaure notin har ya daina juyawa. Da yake ba a shimfiɗa bututu ba tukuna, sai ya ɗaura tiyo a bakin injin, ya riƙe ƙarshensa da hannu ɗaya, kamar mai riƙe da sandar girma, ya ce wa mai baro ya kunna.

Ban taɓa ganin tiyo ya yi fushi ba sai ranar. Ya kumbura, ya miƙe, ya fizge daga hannunsa, ya mare shi a ƙeya, ya ɗaga hularsa ya ɗora ta a kan rufin maƙwabta. Daga nan ya juya kan katanga. Bayan katangar mai wanki da guga ne, ya jera kayan mutane a goge a kan tebur. Muka ji ihunsa kafin mu ga riguna suna tashi. Na-sani ya yi tsalle ya danne tiyon da ciki, tiyon ya ɗauke shi ya zagaya da shi tsakar gida. Mutumin da aka bari da kumfa ya leƙo ƙofa don ya ga abin da ya riƙe mai aski, ruwan ya wanke masa fuska tas.

"Kashe!" Na-sani ke ihu. "Kashe, ɗan nema!"

Mai baro kuwa tuni ya yi waje da baronsa.

Da aka samu aka kashe, ƙanwata ta leƙo daga tagar sama, tana matse ɗankwalinta.

"Ya hau?" ya tambaye ta daga ƙasa, yana haki.

"Ya hau. Ya wuce. Bai tsaya gaisuwa ba."

Ranar ta sauko da akwatinta babba daga kan sif, ta kakkaɓe shi, ta bar shi a buɗe a tsakiyar ɗaki.

Bayan kwana biyu ya zo gidana. Ba tambaya ya zo yi ba, in ji shi, ya zo ne ya ga ko har yanzu ina tuna karatun da muka yi. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma a makarantar mishan da na yi, in ka rubuta lamba ba ka rubuta sunan ma'auninta a gefe ba, rula ce ke sauka a bayan yatsunka. Abin ya zauna mini har tsufa.

"Bar da psi ba yadi da mita ba ne," na ce masa. "Bar ɗaya, psi goma sha huɗu da rabi ne."

"Na sani, Yaya Malam."

"Don haka arba'in ɗin nan raba ta za ka yi da goma sha huɗu da rabi. Za ka samu kusan uku. A nan za ka tsayar da allura."

"Na sani."

Da na yi shiru a nan, da labarin ya ƙare, ƙanwata tana wanka da shawa. Amma ciwon malanta ba ya warkewa. Sai na ƙara da cewa, "Kuma don ka gane ƙarfin abin, bar ɗaya yana ɗaga ruwa mita goma."

"Goma," ya maimaita, idonsa na ƙyalli. "Na sani."

Ya tafi da lambobi biyu a aljihu. Shi kuwa ɗan kasuwa ne wanda bai taɓa zubar da ƙyalle ba. Duk guntun da ya rage sai ya nemo masa mai saye. A ganinsa lambar da aka ba ka kyauta ba a barin ta a banza. Ya raba arba'in da goma sha huɗu da rabi, ya samu kusan uku. Ya duba ya ga goma na zaune ba ta da aiki, sai ya sake rabawa da ita.

Kafin nan ya shimfiɗa bututun da kansa. Ya huda bango, ya bi da su ta cikin shago, manne da silin, daidai saman kantocin yadi, domin nan ce hanya mafi gajarta kuma ba ya son asarar ko taƙi ɗaya. Na je na same shi a kan tsani. A jikin kowane bututu an buga "6 bar" da baƙin rubutu. Na nuna masa.

"Wannan shi ne iyakar matsin da zai iya ɗauka," na ce. "Ka kiyaye shi."

"Tsawonsa ne."

"Ba tsawo ba ne. Dubi abin da aka rubuta a gefen lambar."

"Yaya Malam, duk abin da yake dogo aka rubuta masa lamba, tsawo ake nufi. Wannan a fagena kake."

Ya sauko, ya ɗauko sandar awo, ya auna wani sabon bututu daga kai zuwa gindi, a gabana da gaban mai aski. Mita shida cif. Haka ake yanka su a masana'anta, amma wa zai saurare ni? Mai aski ya dube ni da tausayi. Na ɗauki sandata na tafi gida.

Gwaji na biyu ya yi shi ne da rana, ya ce wa ƙanwata ta tsaya a kicin da kofi a hannu. Ya sassauta notin har ya kusa faɗuwa. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Allurar ta ɗan ɗaga daga kan sifiri, kamar mai neman izinin magana.

"Buɗe!" ya ƙwala mata.

Famfon ya yi tari. Ya yi atishawa. Sannan ya kama wani siririn fito mai ban tausayi, wanda ya sa karen mai wanki ya amsa daga bayan katanga.

"Me ya fito?"

"Iska. Mai sanyi kuwa. In kawo maka a kofi?"

Na-sani ya manna kunne a jikin bututun da ke bin matakala, yana ƙwanƙwasawa da almakashi, yana hawa a hankali, kamar likita a ƙirjin majinyaci. A kwanar matakala ya tsaya.

"Ga shi nan! Nan ya tsaya yana hutawa." Ya ɗaga kai da fara'a. "Uwargida, kin ga an ci rabi. In na sa miki kan famfo a nan, an rage miki rabin tafiya."

"To madalla," in ji ta. "Ni ma sai in kai rabina gidan yaro."

Da yamma labulen falo suka sauka. Washegari tukwane suka shiga kwali. Mai aski ya fara ba da rahoto ga duk wanda ya zauna a kujerarsa: yau an ga tabarmar sallarta a naɗe, yau an ga keken ɗinkinta a ɗaure. Mai wanki, wanda bai huce ba, ya ce in ana neman mai ɗaukar kaya zuwa mota, shi kyauta zai yi.

Kan Na-sani ya kama ciwo. Ƙanwata ta aika aka kira nas ɗin da ke haya a gidan da ke kallonsu. Ta zo da abin awon jini, ta naɗa masa a dantse, ta matsa, ta saki.

"Baba, ɗari da sittin. Ya yi sama. Ka rage tunani, ka rage gishiri."

Shi kuwa ya ƙura wa ɗan agogon da ke hannunta ido.

"Wannan ma matsi yake aunawa?"

"Matsin jini."

"Zuciya ce ke turawa?"

"Ita ce."

"Har zuwa kai?"

"Har kai, in akwai hanya," in ji ƙanwata, kanta a cikin kwali.

Ya miƙe tsaye, abin awon na reto a hannunsa. "To ai an gama! Zuciya inji ce, jijiya bututu. Ni ban kai mita biyu ba, ɗari da sittin ke kai jini kaina. Gidan nan, daga tanki zuwa shawa, ya yi huɗuna. Ɗari da sittin sau huɗu, ɗari shida da arba'in. Allah Ya ajiye mini amsa a jikina ina ta yawo wajen malamai!"

"Baba, nawa fa milimita ne na zaiba," in ji nas. "Ba irin na injinka ba ne."

"Milimita, santimita, mita, waɗannan 'yan ɗakinmu ne, 'yata. Da su na aurar da 'ya'ya."

Matsala ɗaya ta rage: agogonsa ya ƙare a sha shida. Ya koma wurin mai bututu ya ce a ba shi agogo mai manyan lambobi, na manyan mutane. Aka ba shi wani mai kaiwa dubu ɗaya da ɗari shida, an rubuta kilofaskal a jikinsa. Ya cire tsohon ya ɗaura wannan, ya nemo ɗari shida da arba'in ya ɗiga mata alli.

Sai kuma sana'a ta motsa. Ba a yanka wa mutum yadi daidai jikinsa, sai an bar rarar ɗinki: ya matsa allin zuwa ɗari takwas. Sannan duk abin da zai shiga ruwa sai ya ƙanƙance, wannan kowane mai yadi ya sani: ya matsa zuwa dubu. Ya ja baya ya dubi aikinsa. Lamba ce mai kyan gani, babu guntu.

Nas ce ta zo ta gaya mini, hankalinta a tashe. Na zauna na yi lissafin, kuma abin da na samu ya fi ba ni baƙin ciki fiye da duk wautarsa. Tunanin nasa, a karo na farko a rayuwarsa, ya kusa zama daidai. Milimita ɗari shida da arba'in na zaiba, ruwan ƙarfen nan mai nauyi da ake awon jini da shi, za su ɗaga ruwa sama da mita takwas, wato har shawa. Amma kilofaskal ɗaya ya ninka milimitar zaiba sau bakwai da rabi. Dubun da ya ɗiga wa alli kuwa bar goma ce cif, a cikin bututun da iyakarsa shida.

Na same shi yana goge injin da sabon ƙyalle.

"Lissafinka na jini daidai ne," na fara, "amma..."

Ya rungume ni. Bai taɓa yi ba.

"Tsaya ka ji! A wannan agogon dubu tana nufin bar goma. Ruwan zai iya hawa mita ɗari!"

"Mita ɗari," ya ce a hankali, kamar wanda aka yi wa albishir. "To me ake nema kuma? In yaro ya ƙara mana hawa goma a sama, ba sai mun sake inji ba."

"Bututun za su fashe!"

"Na sani, Yaya Malam, na sani. Ka je ka huta."

Kafin in isa gida, duk layin ya ji cewa Malam da bakinsa ya ce lissafin daidai ne. Mai aski har ya tare ni ya yi mini murna.

Ɗansu ya iso ranar Asabar da hantsi. Ya tarar da kujeru jere a bakin titi, mutanen layi zaune, shago a kulle don girmama ranar. An ɗaura wa famfon baranda jan ƙyalle, domin kowa ya gani daga ƙasa. Na-sani ya sa riga sabuwa. Ya ba da umarni a rufe kowane famfo ruf, kada ɗigo ya fita, sai uwargida ta buɗe na farko da hannunta.

Uwargida kuwa tana tsaye a baranda cikin kayan tafiya, jaka a hammata. Mai wanki ya riga ya cika alkawari: akwatunanta na cikin but ɗin mota.

"Kawu, me ake ciki?" yaron ya tambaye ni bayan mun gaisa.

"Ka matsar da motarka gaba," na ce.

Ya dube ni, ya je ya matsar.

Na-sani ya yi ɗan jawabi a kan masu hassada da masu ƙaramin tunani, yana duban mai wanki. Sannan ya shige tsakar gida, ya bar ƙofa a buɗe don a ji muryarsa, ya kunna.

"Ɗari biyu!" ya ƙwala. Mutane suka tafa.

"Buɗe yanzu, Mama," na ji nas na kira daga ƙasa. "Yanzu ne daidai."

"Kada a taɓa! Ɗari huɗu! Ɗari shida!"

Gidan ya fara waƙa. Wani sauti ne siriri, yana fitowa daga bango, daga silin, daga ƙarƙashin matakala, kowane bututu da muryarsa. Karen mai wanki ya shige ƙarƙashin mota.

"Baba, kashe abin nan!" in ji yaron.

"Bai kai alli ba! Ɗari takwas!"

Sai muka ji wani dum daga cikin shago, kamar an yar da buhu daga sama. Daga ƙarƙashin ƙofar shagon ruwa ya leƙo, fari tas, ya gangaro kan dakali. Bai jima ba ya zama ja. Sannan shuɗi ya biyo baya, kore ya bi shuɗi, suka haɗu a bakin titi suka zama wani launi da ba shi da suna, suka nufi ƙafafun baƙi.

Wata mata ta miƙe, ta dubi ruwan, ta dubi zanen da ke jikinta.

"Ba wannan shuɗin ne ka rantse mini ba ya zuba ba?"

"Ni ma koren nan ya ce ko a teku!" in ji wata.

"Ga teku ta zo," in ji mai aski, yana ɗage wando.

Sama ma ta amsa. Kan famfon kicin ya ɓalle ya fasa taga. Shawa ta tsinke daga bango. Ruwa ya fito daga ƙofar falo, ya sami matakala, ya fara saukowa da gudu, ɗauke da takalman maigida da matashin kai. Na-sani ya fito a guje, ya ga shagonsa na aman launi, ya koma a guje, ya kama notin da sifana ya juya. Hannun da ya saba ya juya, wato ya ƙara ɗaurewa.

"Uwargida, buɗe! Buɗe ki rage masa!"

Ƙanwata ta kwance jan ƙyallen a natse, ta naɗe shi ta sa a jaka, domin ita ma matar mai yadi ce. Ta sa yatsu biyu ta taɓa kan famfon. Bai jira a murɗa shi ba. Ya tashi kamar harsashi, ya tsallake titi, ya huda allon tallan da ke saman ƙofar nas. Ruwan da ya biyo shi ya sauka kan kujeru layi-layi, bai bar kowa ba. Na rufe kaina da hula, duk da na san ba za ta yi amfani ba. Mutane suka watse, suna zamewa cikin ja da kore, masu dariya na faɗawa kan masu zagi.

Yaron ne ya kutsa ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Injin ya yi ajiyar zuciya ya mutu. Babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga ko'ina.

Aka buɗe shago. Silin ya rufto kan kantoci, bandir-bandir na yadi sun sha sun ƙoshi, farare sun koma rinannu. A sama katifa ta zama soso, kujeru na iyo. Duk gidan babu busasshen abu ko ɗaya sai abin da ke cikin but ɗin mota.

Ƙanwata ta sauko a hankali, riƙe da bango, tana ɗage bakin zane. Ta ratsa ta cikin jama'a, ta gaishe ni, ta buɗe ƙofar mota ta zauna. Yaron ya shiga ya tayar.

Na-sani na tsaye a tsakiyar titi, sabuwar rigarsa rabi ja rabi shuɗi, sifana a hannu. Ya dubi benen, ya dubi motar. Har mai wanki ya daina dariya.

"Uwargida," ya ce. Muryar ba irin ta jawabi ba ce.

Ta sauke gilashi ta daɗe tana kallonsa, daga hula har silifa.

"Shimfiɗa leda a kujerar baya," ta ce wa ɗanta.

"Mama, ɗaki ɗaya fa na gyara."

"Ya isa. Na ce zan tafi, ban ce zan bar shi shi kaɗai da wutar lantarki ba." Ta juya ga mijinta. "Ajiye sifanar nan. Ba wa Yaya. Shigo kada in sake shawara."

Ya miƙo mini sifanar da makullin gida, ya shige da sauri, ledar na ƙara a ƙarƙashinsa. Motar ba ta kai ga tashi ba ƙarfinsa ya dawo. Ya zuro kai ta taga, ya ɗaga wa jama'a hannu.

"Ku dai ku zama shaida, ruwa ya hau bene!"

"Mun shaida," in ji mai aski, yana matse rigarsa. "Mun kuma ga saukowarsa."

Motar ta ja, tayoyinta na zana layi biyu masu launi a kan kwalta. Kafin su sha kwana na hango shi ya duƙo tsakanin kujeru, yana yi wa yaron wani bayani da hannu biyu, ƙanwata kuma ta miƙa hannu baya, ba tare da ta waiwaya ba, ta danna shi ya koma kan ledarsa.